Sunayen Itatuwan Ƙawa a Hausa: Yadda Baƙo Yake Samun Suna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa tsohuwar unguwar Turawa a Kano ko Zariya ko Kaduna, ko kuwa ya shiga harabar wata kwaleji ko asibitin gwamnati, zai tarar da itatuwa manya da ƙanana waɗanda aka dasa don inuwa da ƙawata wuri. In ya tambayi mai yi musu ban-ruwa sunayensu, zai sami amsa a kan biyu ko uku, watakila dogon yaro da turare da malaina. Sauran kuwa, ja da ɗorawa da fari, mai ƙaya da maras ƙaya, amsa ɗaya ce: fulawa ce. Amma wannan mutum, in aka fita da shi bayan gari, zai bambance sabara da geza, da kalgo da taura, da aduwa da magarya, ba tare da wata inda-inda ba, har ya ƙara da bayanin abin da kowanne yake magani.

Manufar wannan maƙala ita ce duba dalilin wannan giɓi. Za a nuna cewa suna a wajen Bahaushe yana biyo bayan cuɗanya ne, cuɗanya kuwa amfani ne yake kawo ta. Baƙon itacen da ya shiga tukunya ko ɗakin magani ko shingen gona ya sami suna. Wanda ya tsaya ga ado kawai ya zauna a ƙarƙashin kalmar aro guda ɗaya. Daga nan za a fayyace hanyoyin da harshen ya bi wajen raɗa wa baƙin itatuwa suna, da yadda ake gane su, da matsayin sunayen kimiyya, da kuma abin da ya rage ga malamai da masu tsara ƙamus.

2.0 Matsayin itace a cikin garin Bahaushe

Kalmomin lambu da garka da fadama duk suna nuni ne ga wurin da ake noman abin ci ko abin sayarwa, kamar albasa da tumatir da rake da lemo. Filin da aka keɓe don kallon furanni kawai baƙon abu ne, shi ya sa kalmar gadina ta shigo ta hanyar aro. Wannan ba ya nufin cewa garuruwan Hausa ba su san dashen itace ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai dashe iri biyu da suka kafu sosai.

Na farko shi ne dashen inuwa. A ƙofar fada da dandali da bakin kasuwa da makarantar allo akan sami cediya ko durumi ko gamji, dukkansu dangin ɓaure, waɗanda masana tsirrai suke tarawa a ƙarƙashin sunan Ficus. Ga kuma rimi, wanda birnin Zariya ya shahara da shi, da maɗaci da tsamiya. Zurfin wannan cuɗanya ya bayyana a sunayen wurare, kamar Durumin Iya da Kurnar Asabe da Tsamiyar Boka da Ɗorayi da Rimin Gado a ƙasar Kano. Ya bayyana kuma a kirari da karin magana: Gamji shi ne laƙabin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, mutumin da danginsa ba sa morarsa kuwa akan ce da shi inuwar giginya, na nesa ka sha.

Na biyu shi ne dashen shinge. Aguwa da fid-da-sartse da dashi da hano da aduruku da minjirya da lalle duk ana kafa su a kewayen gida ko gona don tsare dabbobi da nuna iyaka. Da yawa daga cikin itatuwan ƙasar nan suna da kyan fure wanda ba ya kasa na kowace ƙasa. Minjirya takan yi jan fure tun ba ta da ganye, haka ma gurjiya. Marga takan sako zarar furanni masu launin ɗorawa a ƙarshen rani. Sansami kuwa yakan lulluɓe da fure mai ruwan hoda, har ana yi masa laƙabi da ɗan sarkin itatuwa. Sai dai kowannensu yana da wani aiki ban da kyau. Ana jiƙa sassaƙen minjirya don shawara, ana miya da furen gurjiya, ana neman saiwar marga don wankin ciki. Kyau ƙari ne a kan amfani.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan tunani kamar ɗan itacen nan mai kumburarren gindi da ake kira ƙariya, watau Adenium obesum. Yana fid da fure ja mai ɗaukar ido a tsakiyar rani, amma ba kasafai ake ganin 'ya'yansa ba, kuma ana danganta sunansa da karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ke nan fure maras 'ya'ya a wajen Bahaushe hoton abin da ba shi da tushe ne. Duk da haka itacen ya sami suna, domin ruwansa dafi ne da maharba da masunta suka san aikinsa. A ƙasashen waje wannan itace yana cikin shuke-shuken tukunya masu daraja, ana kiransa da sunan da ke nufin furen hamada, masu renon tsirrai a Tailan da Taiwan sun fitar da launuka iri-iri daga gare shi. In ya dawo gida cikin tukunyar roba, sau da yawa mai saye ba ya gane cewa ƙariyar dajinsu ce, sai ya kira shi fulawa.

3.0 Hanyoyin raɗa wa baƙon itace suna

Baƙin itatuwa sun shigo ƙasar Hausa a zamuna daban-daban. Wasu sun zo tun da daɗewa ta hannun fatake da alhazai, wasu sun hauro daga bakin teku, wasu kuma ma'aikatan gandun daji na zamanin mulkin mallaka ne suka kawo su, aka dasa a barikoki da tashoshin jirgin ƙasa da gefen hanyoyi. In aka duba sunayen da suka samu, za a ga hanyoyi huɗu.

3.1 Kwatance da ɗan gida

Wannan ita ce tsohuwar hanya. Akan ɗauki sunan itacen da aka sani, a jingina shi ga wani wuri ko wasu mutane da ke nuna baƙunci. Misalai:

gwandar Masar: Carica papaya
tsadar Masar: Spondias mombin
bagaruwar Makka: zogale, da kuma Parkinsonia aculeata
rimin nasara: zogale
kurnar nasara: Melia azedarach

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, kashin farko na sunan yana ɗauke da ilmi na gaske, domin yana faɗin abin da mai raɗa sunan ya gani. Kurnar nasara ba dangin kurna ba ce ko kaɗan, amma 'ya'yanta ƙanana ne kewayayyu masu ruwan ɗorawa kamar na kurna. Zogale ba bagaruwa ba ne, amma ganyensa mai rabe-rabe ne kamar nata. Na biyu, kashi na biyu na sunan ba shaidar asali ba ne. Gwanda da tsadar Masar da Parkinsonia duk daga nahiyar Amurka suka fito, haka ma masara, wadda sunanta ya samo tushe daga Masar. Zogale kuwa ɗan ƙasar Indiya ne. Masar da Makka da nasara a irin waɗannan sunaye suna nufin abin da ya zo daga waje ne, ko ta hannun wanda aka fara ganinsa. Manazarcin tarihi da ya ɗauke su a matsayin taswira zai ɓata.

Wani abin sha'awa shi ne yadda baƙo yakan ƙwace sunan ɗan gida. Gwanda ta asali ita ce Annona senegalensis, wadda take fitowa a daji. Da baƙuwar ta yaɗu a gidaje, sai aka yar da kalmar Masar, ta zama gwanda kawai, ita kuwa ta asalin aka koma ce mata gwandar daji. Wannan juyi alama ce ta cewa baƙo ya zama ɗan gari sarai.

3.2 Siffantawa

Hanya ta biyu ita ce a kira itace da wata siffa tasa ko wani aiki nasa. Dogon yaro, watau Azadirachta indica, shi ne babban misali. Asalinsa ƙasar Indiya da Bama ne. An yaɗa shi a ƙasar Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, an kuma fara dasa shi a lardin Barno a 1928. Sunan yana nuni ga saurin girmansa: yana yaro a shekaru amma ya riga ya yi tsawo. Ginin sunan ba baƙo ba ne, domin akwai jan yaro, watau Hymenocardia acida, a cikin itatuwan daji. Cikin ƙasa da shekara ɗari wannan itace ya tara sunaye, ana ce masa darbejiya ko dalbejiya, da maina, da bedi, gwargwadon yanki. Yawan sunayen ya biyo bayan yawan amfanin: inuwa, asawaki, maganin zazzaɓi, itacen girki, da ganyen da ake sa wa hatsi don korar ƙwari.

Haka nan Eucalyptus, wanda aka kawo daga Ostareliya, ya zama turare saboda ƙanshin ganyensa in an murza. Zogale ya sami samarin danga saboda yadda yake tsayawa a jere jikin danga.

Akwai wani rukuni na musamman a nan, watau sunayen gargaɗi. Jatropha curcas, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya wanda ake yin shinge da shi, sunansa bi-ni-da-zugu ko ci-ni-da-zugu. Zugu shi ne farin ƙyallen saƙi da ake yi wa mamaci likkafani da shi, saboda haka sunan cikakkiyar jumla ce da ke faɗa wa mai son cin 'ya'yan ya tanadi likkafaninsa. Zaƙami kuma ana ce masa haukata-yaro. Ta fuskar nahawu waɗannan harɗaɗɗun sunaye ne masu aikatau a gaba, irin su fid-da-sartse da gama-faɗa. Ta fuskar al'ada kuwa makaranta ce: yaron da ya koyi sunan ya koyi hatsarin a lokaci guda.

3.3 Aro

Hanya ta uku ita ce aron sunan da itacen ya zo da shi, a daidaita shi da tsarin sautin Hausa. Daga Larabci aka sami rumman da sasabani, wanda shi ma suna ne na Parkinsonia. Mangwaro da gwaiba da kanju sunaye ne da suka yi doguwar tafiya tare da itatuwansu kafin su iso. Malaina kuwa daga sunan kimiyya ta fito kai tsaye, watau Gmelina arborea, itacen Asiya da aka cika gandayen gwamnati da shi. Sunan ya fito daga bakin malaman daji, leburori suka karɓa, suka sauke baƙin farko da ba ya furtuwa, suka ba shi kamar Hausa. Da wuya mai kiran malaina ya san cewa sunan wani Bajamushe masanin tsirrai, Johann Georg Gmelin, yake ambata.

Aron zamani yana da wata illa da na da ba shi da ita. Hausawan Nijeriya daga Ingilishi suke aro, na Maraɗi da Damagaram kuwa daga Faransanci. Alal misali Terminalia mantaly, itacen Madagaska mai rassa shimfiɗe hawa-hawa, a Nijeriya ana sayar da dashensa da kalmar Ingilishi mai nufin laima, a ƙasashe masu Faransanci kuwa da sunan da ke nufin itace mai benaye. Kalmar laimar nan kuma ita ake kiran ɗan'uwansa Terminalia catappa da ita, alhali ganyen wannan faffaɗa ne, ana kuma cin 'ya'yansa. Dukkansu biyu dangin baushe ne, kuma da an bi tsohuwar hanya da sunan baushe aka jingina su.

3.4 Zama ba suna

Hanya ta huɗu ita ce rashin hanya. Hausa tana da fure da jam'insa furanni, tana da huda ga furen manyan itatuwa. Amma kalmar da aka ara, fulawa, ta ɗauki wata ma'ana dabam, watau duk wani tsiro da aka dasa don ado, ko yana fure ko ba ya yi. A rubuce ma ba ta da bambanci da fulawar da ake yin burodi. A cikin wannan buhu aka zuba Bougainvillea da Ixora da Allamanda da Plumeria da Nerium da Hibiscus rosa-sinensis da wasu da dama. Dalili a fili yake: an dasa su a bayan shingen Bature da na ma'aikata, ba a ci, ba a sha, ba a ba dabba. Wanda ya san su shi ne mai ban-ruwa, shi kuwa umurni yake karɓa da harshen da ba nasa ba.

4.0 Yadda ake gane su

Kafin a raɗa suna sai an gane mai sunan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogara ga launin fure, domin iri ɗaya yakan zo da launi uku ko huɗu, kuma fure na ɗan lokaci ne. Masana suna duban abubuwa da dama tare: siffar ganye da yadda ya jeru a reshe, ɓawo, ruwan da ke fita in an karya, ƙirar fure, da 'ya'ya. Malamin da ke koyarwa da Hausa yana da sa'a a nan, domin itatuwan gida sun isa ma'auni. Akwai ganye guda kamar na mangwaro. Akwai mai rabi ɗaya, watau sanda ɗauke da ƙananan ganyaye dama da hagu, kamar na tsamiya. Akwai mai rabi biyu, inda kowace sanda ta sāke rabuwa, kamar na ɗorawa da bagaruwa. Akwai kuma mai kamar yatsun hannu, irin na kuka da rimi.

Da wannan ma'auni ana iya raba itatuwan da aka saba rikitawa. Dogon yaro da kurnar nasara dangi ɗaya ne, su da maɗaci. Ganyen dogon yaro rabi ɗaya ne, furensa fari, 'ya'yansa masu ɗan tsawo. Ganyen kurnar nasara rabi biyu ne, furenta da ruwan shuɗi-shuɗi, 'ya'yanta kewayayyu masu daɗewa a reshe bayan ganye ya zube, kuma guba ne ga mutum da dabba. Mai neman ganyen zazzaɓi wajibi ne ya san wannan bambanci.

Haka nan marga, watau Cassia sieberiana, da baƙuwar nan Senna siamea ta kudu maso gabashin Asiya, wadda aka jera a gefen tituna. Dukkansu furensu ruwan ɗorawa ne, ganyensu rabi ɗaya. Amma furen marga reto yake yi ƙasa, kwansonta dogo ne mulmulalle kamar sanda. Furen baƙuwar sama yake kallo, kwansonta kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Shi kuma Delonix regia na Madagaska, wanda yakan yi ja wur a lokacin bazara, ganyensa irin na ɗorawa ne, kwansonsa faffaɗa mai tauri kamar katako, yakan kai rabin mita a tsawo.

Bougainvillea tana da nata darasi. Abin da ake gani ja ko fari ko ruwan goro a jikinta ba fure ba ne, ganye ne da ya rikiɗa, mai kama da takarda. Furen na ainihi ƙarami ne fari-fari, yana ɓoye a tsakiya. Hibiscus rosa-sinensis kuwa duk wanda ya taɓa duban furen rama ko yakuwa ko kuɓewa zai gane zumuncin da ke tsakaninsu, musamman ga sandar nan da ke fitowa daga tsakiyar fure.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne dangin da masana suke kira Apocynaceae, wanda ya haɗa ƙariya da tumfafiya da Plumeria da Allamanda da Nerium oleander da Cascabela thevetia, wadda tsofaffin littattafai suke kira Thevetia. Alamarsu ita ce ruwa mai danƙo, a yawancinsu fari kamar nono. Nerium tana da ganye dogo mai kauri, uku-uku a kowace gaɓa, da fure ja ko fari ko ruwan hoda. Cascabela tana da siririn ganye mai sheƙi, da fure ruwan ɗorawa mai siffar mazurari, da ɗa mai kusurwa wanda yakan yi baƙi in ya nuna. Su biyun suna ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya, a ganye da fure da ƙwallo, kuma asibitocin Indiya da Siri Lanka sun daɗe da sanin mace-macen da ƙwallon Cascabela yake jawowa. Ga su nan a harabar makarantun firamare da gidaje, inda yara suke wasa, awaki suke kiwo. Bi-ni-da-zugu yana faɗin hatsarinsa da bakinsa. Waɗannan kuwa suna ɗaya suke amsawa da furen da ba ya cutar kowa. Nan ne rashin suna ya tashi daga matsalar ƙamus ya zama matsalar rai.

5.0 Sunayen kimiyya da iyakarsu

Tsarin sunaye biyu da masana suke bi ya kafu ne da littafin Carl Linnaeus mai suna Species Plantarum na 1753. Kalmar farko sunan zuriya ce, ta biyu kuwa ita take keɓe iri guda a cikin zuriyar. Wanda ya duba asalin waɗannan sunaye zai ga cewa Turawa ma hanyoyin da aka zana a sama suka bi. Sun yi aro: Azadirachta daga Farisanci take, Khaya na maɗaci kuma daga wani sunansa na ƙasar Senegal. Sun jingina ga mutane: kuka ta zama Adansonia saboda Michel Adanson, ɗorawa ta zama Parkia saboda Mungo Park, gawo ya zama Faidherbia saboda Louis Faidherbe gwamnan Senegal, Bougainvillea kuma ta ɗauki sunan jagoran jirgin ruwan Faransa wanda masanan da ke tare da shi suka tsince ta a Barazil a 1767. Hano kuwa, Boswellia dalzielii, yana ɗauke da sunan J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa.

Shi wannan Dalziel shi ne ya aza harsashin haɗa sunayen Hausa da na kimiyya, da littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary na 1916, sa'an nan The Useful Plants of West Tropical Africa na 1937. Ƙamusun Bargery na 1934 ya shigar da sunayen tsirrai masu yawa tare da na Latin. Z. O. Gbile ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1980, H. M. Burkill kuma ya sabunta aikin Dalziel cikin juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004. Sai dai waɗannan ayyuka, kamar yadda sunan ɗaya daga cikinsu ya nuna, tsirrai masu amfani suka fi mayar da hankali a kai, ga shi kuma yawancin shuke-shuken ado sun yaɗu ne bayan an rubuta na farkon.

Har ila yau, kada a ɗauka sunan kimiyya dutse ne da ba ya motsi. A 1982 Irwin da Barneby suka raba zuriyar Cassia gida uku, sai tafasa da rai-ɗore da filasko da rumfu suka koma Senna, marga ta zauna a Cassia. Bayan shawarar da taron masana tsirrai na duniya ya yanke a Biyana a 2005, aka kuma tabbatar a Melbon a 2011, sunan Acacia ya zauna ga itatuwan Ostareliya, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara ta koma Senegalia senegal. A duk tsawon wannan lokaci tafasa tana nan tafasa, bagaruwa tana nan bagaruwa. Ana iya cewa sunan Hausa yana sauyawa daga gari zuwa gari, na kimiyya kuwa daga zamani zuwa zamani. Ɗalibin da ya kwafi sunan Latin daga Bargery ya sa a kundinsa ba tare da bincike ba, yana iya rubuta sunan da aka daina aiki da shi. Wanda kuma ya dogara ga sunan Hausa kaɗai, in ya ji bagaruwar Makka, ba zai san zogale ake nufi ko sasabani ba. Abin da yake ɗaure sunayen biyu wuri guda shi ne samfur, watau reshe mai ganye da fure da aka busar aka adana, kamar yadda ake yi a ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa giɓin da ke cikin sunayen itatuwan ƙawa ba gazawar harshe ba ce. Harshen da ya samar da dogon yaro da kurnar nasara da bi-ni-da-zugu yana da kayan aiki isassu. Abin da ya yanke shi ne cuɗanyar da take haifar da suna. Saboda haka aikin da ke gaban manazarta kashi uku ne.

Na farko shi ne tattarawa. Masu sayar da dashe a bakin titi, da masu ban-ruwa, da 'yan magani, da matan da ke cikin gidaje, suna da sunayen da suke kiran waɗansu daga cikin waɗannan tsirrai a tsakaninsu. Ya kamata a bi su gari-gari a rubuta, tare da karin sauti da jinsi da jam'i, da sunan garin da aka ji kalmar, da samfurin tsiron. Sunan da ya riga ya rayu a bakin jama'a ya fi wanda aka ƙaga a ofis.

Na biyu, inda ba a sami suna ba, ƙirƙira ta bi tsarin da harshen ya saba da shi. Hibiscus rosa-sinensis, alal misali, ana iya kiranta ramar ado, domin sunan zai koya wa ɗalibi danginta tun kafin ya buɗe littafi. Masu dafi kuwa, su ne suka fi cancantar a fara da su, kuma sunan da za a ba su ya zama na gargaɗi ne irin na magabata.

Na uku, masanin harshe da masanin tsirrai su yi aikin tare. Na farko shi kaɗai zai rubuta kalma daidai ya ɗora ta a kan itacen da ba nata ba. Na biyu shi kaɗai zai gane itacen ya rubuta sunan babu ƙugiya babu karin sauti, har ƙariya ta rikice da kariya. Dogon yaro bai cika shekara ɗari a ƙasar nan ba, amma yau ba mai ce masa baƙo, domin an san shi, an mora, an kira shi da suna. Sauran baƙin da ke tsaye a harabar makarantu da asibitoci su ma irin wannan karɓa suke jira.